Hawayen Aro: Tarihin Yadda Ɗan Wasan Hausa Yake Shiga Rigar Wani

Duk wanda ya taɓa zama a zauren taron makaranta ranar da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta fito ya san tambayar da ake yi wa juna bayan an tashi: "Wai kukan nan da yarinyar nan ta yi, na gaske ne?" Yarinyar ba a sake ta ba, ko aure ma ba ta yi ba. Ba ɗanta aka sace ba. Amma muryarta ta karye a daidai inda ya kamata, har dattawan da ke kujerun gaba suka sunkuyar da kai. Daga ina ta ɗebo abin da ta zuba a wurin?

Masana wasan kwaikwayo a Turai sun daɗe suna jayayya a kan wannan tambaya. Mu ma a ƙasar Hausa muna da tarihin amsa ta, sai dai ba a littafi ya faro ba. Ya faro ne a dandalin ƙauye da cikin gidan sarauta, daga baya ya shiga aji da ɗakin rediyo. Idan aka bi sawunsa daga ƙauyukan Kano irin su Tofa zuwa Zariya da Kaduna da Damagaram, za a ga abu guda yana ta dawowa: ɗan wasan Hausa yana shiga mutum ne ta hanyar saninsa, kuma ya fi girgiza 'yan kallo a lokacin da yake danne abin da ke ransa.

Makarantar farko: dandali

Tofa tana yamma da birnin Kano, cikin karkarar da masanin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazari a kanta a shekarun 1960, ya nuna cewa tana cikin wuraren noma mafi cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma. Gona na jingine da gona, gida na hangen gida. Tsakanin Doka da Lambu, ko Langel da Yarimawa, da wuya mutum ya yi doguwar tafiya bai gamu da wanda ya san kakansa ba. Wannan kusanci ya yi tasiri a kan irin wasan da ake yi a irin waɗannan garuruwa.

Ɗauki tashe, wanda yara ke farawa idan azumi ya kai kwana goma. Yaro zai manna gemun auduga, ya zura babbar riga, ya ɗauki sanda, ya fito a Tsoho da Gemu. Wani ya rataya saiwoyi da ƙulle-ƙulle ya zama Jatau Mai Magani. 'Yan mata su yi Mairama da Daudu, ɗaya ta yi shigar miji, ɗaya ta amarya. A birni kuma Nalako da jama'arsa su bi gwauraye. Babu wanda ya rubuta wa yaron nan abin da zai yi, babu darakta. Abin da yake da shi kawai shi ne tsohon unguwarsu da yake gani kullum a bakin masallaci: yadda yake dafa gwiwa kafin ya miƙe, yadda yake gyaran murya kafin ya yi magana. Matan gidan da aka shiga yi wa tashe su ma sun san tsohon. Idan yaron ya kuskure tafiyar, nan take za a gane.

Haka kalankuwa take, wadda samari da 'yan mata ke yi da kaka bayan an kai amfanin gona gida. Sukan kafa hukumar wasa, da sarkinta da alƙalinta da 'yan dokarta, a yi shari'a a ci tara ana dariya. A gidajen sarauta akwai wasan gauta, inda matan cikin gida ke kwaikwayon sarki da fadawansa, har mai mulki ya ga halinsa a jikin wata. Ga kuma 'yan kama, masu aron zaman malami da muryar karatunsa su juya zancen ya koma na tuwo da miya.

Duk waɗannan ta waje suke shiga mutum: tufa, tafiya, murya, sara. Kalmar kwaikwayo kanta abin da take nufi ke nan. Galibinsu kuma na raha ne, don haka mai wasa yana tsaye ne a gefen wanda yake kwaikwaya, yana ƙyafta wa 'yan kallo ido. Ba a neman hawayensa. Duk da haka darasin farko yana nan, kuma bai taɓa tsufa ba: ba ka iya zama mutumin da ba ka zauna ka lura da shi ba.

Inda doki ke rasa linzami

A ɗaya gefen akwai bori, wanda malamai suka yi ta yaƙa tun kafin jihadin 1804, kuma har yau mafi yawan jama'a suna ƙyamarsa saboda ya saɓa wa aƙida. Ambatonsa a nan na tarihi ne. Duk mai son sanin yadda Bahaushe ya fahimci fitar mutum daga kansa ya koma wani, dole ya leƙa nan.

A bakin 'yan bori, namiji doki ne, mace goɗiya, iska kuma hawa take yi. Kowace iska da kamanninta. Malam Alhaji tsoho ne mai tari da jan carbi. Ɗan Galadima ɗan sarki ne mai ado da ɓarin kyauta. Kuturu yana naɗe yatsu yana korar ƙuda. Kowannensu da kiɗansa na garaya ko goge, da kayan da ake sa masa. Joseph Greenberg ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939 ya rubuta abin da ya gani. Fremont Besmer ya bi 'yan borin birnin Kano a farkon shekarun 1970, littafinsa ya fito a 1983. Bayanansu sun nuna cewa hawan ba kara-zube yake zuwa ba. Akwai girka da ake kwanaki ana yi wa sabon shiga. Akwai makaɗan da suka san lokacin ƙara wuta. Akwai masu tsayawa kusa da wanda aka hau suna gyara masa tufa suna kare shi daga jin rauni. Idan kuma za a sauka, da atishawa ake sauka.

Masana sun yi muhawara ko bori wasan kwaikwayo ne. Babban bambancin shi ne ɗan bori yana cewa bai san abin da ya faru ba sa'ad da aka hau shi, shi kuwa ɗan wasa dole ya san inda zai tsaya, da kalmar da abokin wasansa ke jira. Shi ne dokin, shi ne kuma mai riƙe da linzami. Tsakanin yaron tashe da ke tsaye a gefen tsohon da yake kwaikwaya da ɗan borin da ya ɓace gaba ɗaya, akwai wani fili. A wannan fili ɗan wasan dandamali yake aiki, kuma tarihin da ya biyo baya duk neman wurin tsayawa ne a cikinsa.

Yadda wasu suka yi ta jayayya

A ƙasar Girka, ƙarni na huɗu kafin haihuwar Annabi Isa, an yi wani shahararren ɗan wasa mai suna Polus. Marubucin Rum Aulus Gellius ya ba da labarin cewa an ba shi matsayin Electra, wadda ke rungume tulun tokar ɗan'uwanta tana kuka. Polus bai daɗe da rasa ɗansa ba. Sai ya ɗauko tulun tokar ɗan nasa na gaske ya hau dandamali da shi. Kukan da aka ji a ranar ba na aro ba ne.

Bafaranshe Denis Diderot, wanda ya rasu a 1784, ya ƙi yarda da wannan hanya. A wani rubutunsa da aka buga a 1830, ya ce gwanin ɗan wasa shi ne mai sanyin kai, wanda ya nazarci kuka har ya iya maimaita shi kowane dare ba tare da ransa ya ɓaci ba. Mai dogaro da zuciya, in ji shi, yau zai burge, gobe ya kasa.

Konstantin Stanislavski, wanda ya kafa gidan wasansa a Mosko a 1898 tare da Nemirovich-Danchenko, ya nemi tsakiya. Da farko ya koya wa ɗalibansa su tono wani baƙin ciki da suka taɓa ji su zuba shi a wasa. Ya kuma ba su wata ƙaramar tambaya: da a ce ni ne a wannan hali, me zan yi? Daga baya ya lura cewa yawan tonon tsohon ciwo yana jigata mutum, sai ya karkata ga aikin jiki: ka yi abin da mutumin yake yi, zuciya za ta biyo. A Amurka, Lee Strasberg ya riƙe hanyar farko ya gina makaranta a kanta. Stella Adler ta je Paris a 1934 ta yi makonni tana karatu a wurin Stanislavski, ta dawo tana cewa tunani da binciken rayuwar mutumin sun fi tonon sirrin kai amfani.

Wanda ya san tashe zai ga cewa inda Stanislavski ya ƙare a tsufansa bai yi nisa da inda yaron Lambu yake farawa ba. Ka ranƙwafa kamar tsoho na tsawon dare, za ka fara jin abin da ke sa tsoho saurin fushi.

Da wasa ya hau takarda

Rubutaccen wasan Hausa ya faro a shekarun 1930 da littafin Six Hausa Plays na Rupert East, wanda aka shirya domin 'yan makaranta. Malam Aminu Kano, yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna tsakanin 1937 da 1942, ya rubuta wasannin da ke zolayar zalunci da cuta a kasuwa da fada. Wasan Marafa na Abubakar Tunau ya fito a 1949. Shu'aibu Maƙarfi ya fitar da Zamanin Nan Namu a 1959 da Jatau Na Kyallu a 1960, bayan an saba jin wasanninsa a rediyo.

Takarda ta kawo sabon nauyi. Yanzu ɗan wasa zai faɗi kalmomin da wani ya tsara, kuma zai riƙe mutum guda daga fitowa ta farko har ta ƙarshe, yana sauyawa yadda labari ya sauya shi. Sannu a hankali kuma labaran suka bar raha zalla suka shiga wuraren da ke da zafi. A Uwar Gulma ta Mohammed Sada, 1968, Halima tana shan azabar mijinta Hayatu har magana ta kai gaban alƙali. A Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina, 1979, mai kuɗi ne ke lalata rayuwar 'yar makaranta. An karanta waɗannan littattafai a azuzuwan sakandare na Arewa shekara da shekaru, an kuma yi ta taka su a ranakun taro. A makarantun maza zalla, namiji ne ke ɗaura zane ya fito a Halima.

Me yaro ɗan shekara goma sha shida ya sani game da zaman gidan miji? Na kansa, babu. Amma ya ga yayarsa ta dawo gida da yaji da daddare, ya ga yadda ta zauna a bakin ƙofar ɗakin uwarsu ba ta ce komai ba, ya ji abin da uban ya ce da safe. A gidan Bahaushe mai yawan jama'a, inda katangar zana ba ta tare magana, yaro yana tashi da tarin baƙin cikin da ba nasa ba amma ya san shi ciki da bai. Wannan ita ce rijiyar da 'yan wasanmu suka fi ɗiba. An ce zanen aro ba ya rufe katara, amma wanda aka ara a cikin gida ya fi zama daidai jiki.

Uwar Shaihu Umar

Babu wasan da ya gwada wannan kamar Shaihu Umar. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta labarin a farkon shekarun 1930. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay, mutumin Trinidad da ya yi aikin wasan kwaikwayo a Arewa, suka mayar da shi wasan dandamali, aka buga shi a 1975. Adamu Halilu ya mayar da shi fim a 1976, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihun. Fim ɗin ya daɗe ba a ganinsa, sai da aka gyara shi aka nuna a bikin fina-finai na Berlin a 2018.

Zuciyar labarin uwa ce. An sace ɗanta yana ƙarami, aka sayar da shi, aka haura Sahara da shi. Ta bar gida ta bi sawunsa, ita ma ta faɗa bauta. Sai bayan shekaru masu yawa suka haɗu, ta tsufa ta jigata, ba da jimawa ba ta rasu. Duk 'yar wasan da aka ba wannan matsayi a shekarun 1970 ba ta taɓa ganin kasuwar bayi ba. Amma dokar da ta kawo ƙarshen bauta gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya ta 1936 ce. Tsofaffin da aka haifa a gandayen sarki na Fanisau da Ɗorayi, nan kusa da birnin Kano, suna raye a lokacin. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ta ba da labarin yadda mahara suka kama mutanen gidansu aka yi ta neman kuɗin fansa. Irin wannan labari yana bakin kakanni a gidaje da yawa. 'Yan wasa da 'yan kallo duk a kansa suka tashi.

Haɗuwar uwa da ɗa a ƙarshen irin wannan labari tana tayar da wata matsala da Stanislavski bai sani ba. A al'adarmu uwa tana kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta nuna ɗokinsa a gaban mutane. To, yaya za a nuna matar da ta ƙetare hamada saboda ɗa, alhali tarbiyyarta ta hana ta faɗa masa a jiki tana kururuwa? Amsar tana cikin tambayar. 'Yan kallo sun san abin da take dannewa, saboda su ma da wannan alkunya aka rene su. Hannu ya ɗaga ya koma, baki ya buɗe ya rufe, a ƙare da hamdala cikin muryar da ba ta fita sosai. Labarin zuciya a tambayi fuska.

Zariya da Damagaram: a je a zauna da mutane

A 1975 aka fara koyar da wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello ƙarƙashin Michael Etherton, aka gina musu gidan wasa na ƙasa irin ginin gargajiya, wanda Steven Ehrlich ya zana. Daga 1977, da Wasan Manoma a Soba, sannan a Maska da Bomo, malamai da ɗalibai suka riƙa fita ƙauyuka. Sukan zauna da manoma su ji kukansu a kan taki da bashi da ƙwacen gona, su tsara wasa daga abin da suka ji, su taka shi a dandalin garin. Da tafiya ta yi nisa sai manoman da kansu suka riƙa shiga wasan. Manomin da aka ce ya fito a matsayin wanda aka karɓe wa gona ba ya buƙatar a koya masa yadda zai ji. Aikin da ya rage shi ne a taimaka masa ya tsara fushin, kada ya shaƙe shi ya hana a ji maganarsa.

A Nijar ma an bi makamanciyar hanya. A zamanin Seyni Kountché, ƙungiyoyin samariya sun riƙa gasar wasan kwaikwayo a bikin matasa na ƙasa, kuma Damagaram ta yi fice, inda Yazi Dogo da abokansa suka shahara. Janet Beik ta yi nazarin waɗannan ƙungiyoyi a littafinta na 1987. Ba sa rubuta kalma bayan kalma. Sukan amince a kan ƙashin labari, kowa ya ɗauki irin mutumin da ya fi sani, sannan a yi ta maimaitawa dare bayan dare har magana ta zauna. A nan maimaitawa ce hanyar shiga zuciya. Wanda ya kwana talatin yana amsa tambaya da bakin wani mutum, ran nan za a jefo masa tambayar da ba a shirya ba, ya ji amsa ta fito da kanta.

Daga rediyo zuwa kyamara

Gidan rediyo da talabijin na Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, ya haifar da 'yan wasan da sunan wasa ya cinye sunansu na yanka. Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a Nuwamba 2023, soja ne na gaske kafin duniya ta san shi da Samanja Mazan Fama. Tsawar da Hausar bariki ba daga littafi ya koye su ba. Ƙasimu Yero, wanda ya rasu a 2017, ya taka rawa a Hausa da Turanci, 'yan Kudu ma sun san shi a Cock Crow at Dawn. Waɗannan mutane sun yi shekaru suna ɗauke da mutum guda, har suka san shi kamar maƙwabci.

Da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a 1990, 'yan dandamali ne suka koma gaban kyamara, da tarbiyyar gwaji da maimaitawa a jikinsu. Amma kasuwar bidiyo ta zo da gaggawa. Aka koma ɗaukar fim cikin 'yan kwanaki, ana miƙa wa jarumi takarda a wurin ɗauka. Kyamara kuma tana ba da damar da dandamali ba ya bayarwa: a tsaya, a shafa man zafi a ƙasan ido, a ci gaba. Wani nauyin kuma aka ɗora wa waƙa, ita ke faɗin abin da ya kamata fuska ta faɗa. Bayan kafa hukumar tace fina-finai ta Kano a 2001, ƙa'idar hana taɓa jiki tsakanin mace da namiji ta ƙara tsananta, ko da uwa da ɗa suka fito. Wasu na ganin wannan takura ce. Gwanaye kuwa sun mayar da ita hanya, domin ta tura su ga abin da al'ada ta riga ta tanada: tazara, sunkuyar da kai, shirun da ya fi magana nauyi.

A je gidan makoki a Tofa a gani. Maza na zaune a kan tabarma a ƙofar gida, ana "Ya haƙuri?" ana amsawa da godiya. Wanda aka yi wa rashin shi ne ma yake tambayar ko baƙi sun sami ruwa. Addini ya yarda da hawaye, ya hana kururuwa da yage tufa. Wanda ya san wannan zama ya san cewa wurin da ya fi tsinka zuciya shi ne inda muryar mai amsa gaisuwa ta ɗan sarƙe, ya yi gyaran murya ya ci gaba. Ɗan wasan da ya zo yana birgima a ƙasa don nuna baƙin ciki, wani gari yake kwaikwayo.

Sanin hanyar fita

Shiga rigar wani tana da haɗari, kuma ba a cika maganarsa ba. A 1989, a babban gidan wasa na ƙasa da ke Landan, Daniel Day-Lewis yana taka Hamlet, a fitowar da yake ganawa da fatalwar ubansa, sai ya fice daga dandamali cikin kuka. Shi ma ya rasa uba yana yaro. Bai sake hawa dandamali ba. Polus ya yi abinsa sau ɗaya aka rubuta a tarihi. Wanda zai yi wasa mako bayan mako ba zai iya ɗaukar gawar ɗansa kowane dare ba.

A nan hanyar da 'yan wasan Hausa suka gada take da rangwame. Wanda ya ɗebo daga baƙin cikin jama'a, na maƙwabta da na kakanni, yana da wurin mayar da shi idan an tashi. Wanda ya tono nasa na ɓoye, da shi zai kwana. Tsofaffin wasanni kuma duk suna da ƙofar fita a sarari. Yaron tashe yana cire gemun auduga a zauna a raba hatsi da kuɗin da aka samu. Sarkin kalankuwa yana komawa gonar ubansa. Ƙungiyoyin yau da yawa sun iya shirin shiga, amma da an tafa sai kowa ya kama gabansa, har da yarinyar da aka sa ta tuna mutuwar mahaifiyarta don ta yi kuka. Darakta ko malamin da ya buɗe wannan ƙofa, haƙƙinsa ne ya zauna da ita har ta dawo daidai.

Su ma 'yan kallo suna da nasu aikin. 'Yan wasa da dama sun sha faɗa a hirarraki cewa ana zaginsu a kasuwa saboda sun fito a mugu ko a muguwar kishiya, wasu matan har abin ya shafi maganar aurensu. Jama'ar da ta san cewa yaron da ya yi Jatau Mai Magani ba boka ba ne, bai kamata ta kasa bambance 'yar wasa da matar da ta ara ba.

Yau sabuwar harabar Jami'ar Bayero, mai sashen koyar da wasan kwaikwayo, tana kan hanyar Gwarzo, tafiya kaɗan daga Janguza. Matasan Tofa kuma suna ɗaukar gajerun wasanni da waya suna sakawa a TikTok da YouTube. Za su ji sunan Stanislavski, kuma ya kamata su karanta shi. Amma wanda aka ba matsayin uban da fari ya cinye wa gona, akwai dattawa a garinsu da suka ga farin 1973 da idonsu, suna nan zaune a gindin bishiya bayan la'asar. Ya je ya gaishe su, ya zauna, ya yi tambaya. Ya lura da abin da suke faɗa, ya kuma lura da inda suke yin shiru su kau da kai su sauya zance. Abin da zai kai dandamali yana wurin.